Baƙon Dauro Ba Ya Neman Biza

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a ɗakin taro na makaranta



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabin bana, sai na buga masa waya na ce ko dai ya yi kuskuren suna ne. A cikinmu akwai likitoci, akwai malaman jinya, ni kuwa labarin ƙasa na karanta a jami'a, aikina kuma daga wannan fayil sai wancan. Ya ce ai dalilin ke nan, wai likita in ya samu lasifika sai ya yi ta zuba Turanci har abinci ya huce. To, da yake sakataren namu yana aji biyar lokacin da nake aji ɗaya, kuma har yau in ya yi magana sai in ji kamar zai ce in ɗauki bokiti in nufi rijiya, ban yi gardama ba.

Abin da zan yi magana a kai shi ne ƙyanda da matafiya. Kakanninmu ba su cika son kiran sunanta ba, sai su ce baƙon dauro. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma dusa suke ce mata. Sunan nan na baƙo ya daɗe yana ba ni tunani, domin baƙo sai da hanya, kuma sai da masauki.

In aka ce tafiya ƙasar waje, abin da yakan faɗo mana a rai shi ne filin jirgin saman Malam Aminu Kano, da fasfo, da biza, da katin allura. Ba shakka wannan hanya ce, zan kuma dawo kanta. Amma mu mutanen wannan yanki muna da wata ƙasar wajen da ba ma ɗaukarta ƙasar waje. Wanda ya hau mota a Dambatta, ya bi ta Kazaure da Daura, kafin awa biyu ya isa Kwangwalam, in ya ƙara gaba sai Matamaye, sai Damagaram. Wa ke nan da ba shi da gwaggo ko suruki a can? Ran Lahadi ku leƙa kasuwar Dambatta, ran Alhamis ku leƙa Maigatari, ko ku shiga Dawanau kowace rana, ku saurari bakin masu ciniki. An rufe iyakar nan daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris 2024. Manyan motoci sun tsaya. Biki da suna da ta'aziyya ba su tsaya ba, sai dai babur ya ratsa ta gona.

Bari in ba ku labarin gidanmu, domin shi ya sa na karɓi wannan magana da gaske.

A bazarar 2022 matar wana ta tafi biki wani ƙauye kusa da Matamaye da yaranta biyu. Kwana huɗu suka yi. Washegarin dawowarsu ƙuraje suka feso wa babban, yaro ɗan shekara uku, suka fara ta bayan kunne da goshi, suka gangara jiki. Nan da nan gari ya ɗauka cewa an kwaso ƙyandar Nijar. Mata suka yi ta shigowa dubiya, kowace da goyo, a zauna a ɗaki ɗaya ƙofa a rufe, domin an ce iska ba ta da kyau ga mai baƙon dauro. Bayan kamar mako biyu yara suka fara kwanciya gida-gida. A cikinsu har da 'yata, wadda na kai hutu wajen kakarta. Ita Allah ya yi da sauran kwana, ta sha jinyar ciwon haƙarƙari a asibiti ta tashi. Jaririyar maƙwabcinmu mai wata shida ba ta tashi ba. Allah ya sa mai ceto ce.

Bayan ƙura ta lafa muka zauna da wani malamin asibiti, abokina, muka ƙirga kwanaki a bayan ambulan. Uwar yaron ta ce tun kwana na biyu da isarsu ya fara mura da jan ido. Abokina ya ce to ai magana ta ƙare. Ƙyanda takan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki shiru kafin zazzaɓi ya fara, ƙuraje kuma sai wajen kwana 14. Yaron da ya fara mura kwana biyu da sauka, daga gida ya tafi da abinsa. Wato mu muka kai musu. Kuma haka ɗin ne, domin ba a jima ba aka bugo waya daga can cewa yaran gidan bikin sun kwanta, ana ta cewa baƙin Najeriya ne suka kawo dusa.

Ni kuma da na buɗe katin 'yata sai kunya ta kama ni. An yi mata allurar wata tara, gurbin ta biyu kuwa fari fat. Ni da digiri, ni da albashi, asibiti ba nisa da gidana.

Jama'a, ya kamata mu san irin baƙon da muke magana a kansa. A cikin cututtukan da ɗan Adam ke ɗauka daga ɗan'uwansa, da wuya a sami mai saurin yaɗuwa kamar ƙyanda. A iska take tafiya. In mai ita ya yi tari a ɗaki ya fita, ƙwayar tana iya zama a iskar ɗakin har awa biyu. In mutum 10 marasa rigakafi suka zauna da shi, 9 za su kamu. Mutum ɗaya yana iya harbin 12 zuwa 18 a inda ba wanda ke da kariya. Babban abin da ya haɗa ta da tafiya kuwa shi ne, mai ita yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, har kwana 4 bayan sun fito. Saboda haka a lokacin da yake cikin mota ko jirgi, abin da kowa zai gani mura ce kawai. Jami'in shige da fice yana duba fasfo, ɗan kwastan yana duba buhu, babu mai duba maƙogwaro.

Kuma kada mu raina ta don mun saba da ita. Kafin allura ta wadata a duniya, ana ƙiyasin tana kashe mutum miliyan 2 da dubu 600 a kowace shekara. Ko a 2023, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ta kashe kimanin mutum 107,500, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba ƙurajen ke kisa ba, ciwon haƙarƙari ne da gudawa da ke biyo baya, wani lokaci da kumburin ƙwaƙwalwa. Tana makantarwa, musamman yaron da abinci bai wadace shi ba. Daɗin daɗawa, binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa tana goge wa jiki wani kaso na kariyar da ya tara daga cututtukan baya, kamar a ce ɗalibi ya wayi gari ya manta karatun da ya yi. Iyayenmu mata sun riga masana lura da wannan. Sau nawa muka ji an ce, tun da yaron nan ya yi ƙyanda bai ƙara lafiya ba?

A zamanin da, nisa kan yi mana gadi. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya. Alhazan ƙasa da ke bi ta Chadi da Sudan wasu sai sun shekara, wasu fiye. In ƙyanda ta shiga ayari, kafin a iso gida ta gama da wanda za ta kama ta mutu a daji. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, yau kuma tsakanin Jidda da Kano bai wuce tsakanin azahar da isha ba. Mutum zai shaƙi ƙwayar a can, ya sauka, a yi masa tarba, a ci dabino a sha zamzam, a raba tsaraba, a watse, shi kansa bai san da komai ba sai bayan kwana goma.

Akwai wani labari da in na karanta sai in ga kamar a garinmu ya faru. A ƙarshen 1874 sarkin tsibiran Fiji, Cakobau, ya kai ziyara birnin Sidni a Ostareliya, inda ake fama da ƙyanda. Ya dawo a jirgin ruwa a watan Janairu 1875, akwai marasa lafiya cikin tawagarsa, ba a kuwa tsare jirgin ba. Hakimai da dagatai suka taru daga ko'ina don gaisuwa da taro, sa'annan kowa ya koma garinsu. Mutanen Fiji ba su taɓa sanin ƙyanda ba, babba da yaro duk ɗanye ne. Cikin 'yan watanni ta kashe kimanin mutum 40,000, wajen kashi ɗaya bisa huɗu na jama'ar ƙasar ko fiye. Zumunci da girmama na gaba ne suka raba ta gari-gari.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, kafin allura. To ga na zamani. Amurka ta ayyana cewa ta kawar da ƙyanda ta cikin gida a shekarar 2000. A 2014 wasu samari daga cikin manoman Amish na jihar Ohayo, mutanen karkara masu yawan 'ya'ya da yawan zumunci kamar mu, waɗanda da yawansu ba su yi allura ba, suka tafi aikin agaji ƙasar Filifin. Suka dawo da zazzaɓi, da fari ma aka zaci wata cuta ce daban. Kafin a shawo kan abin mutum 383 sun kamu. Kanada kuwa, da duk arzikinta da asibitocinta, wani baƙo da ya zo taro daga waje a watan Oktoba 2024 ya kunna wutar da ta ci fiye da shekara, har a Nuwamba 2025 aka cire ta daga jerin ƙasashen da suka kawar da cutar. A duk wuraren nan matafiyi ashana ce kawai. Manomi ya sani, in ka yar da ashana a gonar da aka share ba abin da zai faru, in ka yar a kan tarin kara kuwa sai dai a kira maƙwabta. Karan shi ne yaran da ba a yi wa allura ba, kuma masana sun ce sai kashi 95 cikin 100 sun sami allura biyu kafin a ce an share gona.

Mu namu ya bambanta da nasu ta fuska ɗaya: ƙyanda ba ta taɓa barin ƙasarmu ba balle a ce an shigo da ita. Abin da tafiya ke yi a nan shi ne ɗaukarta daga inda take ci zuwa inda kara ya taru. A nan ne karatuna na labarin ƙasa ya yi mini rana. A 2011 wasu masu bincike suka wallafa wani aiki a kan Yamai da Maraɗi da Damagaram. Suka duba hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗauka da dare, suka ga hasken biranen nan yana ƙaruwa da rani, lokacin da 'yan ci-rani suka cika gari, yana raguwa da damina in an koma gona. Da suka ɗora lissafin masu ƙyanda a kai, sai ga shi tare suke hawa, tare suke sauka. Mu ba ma bukatar tauraro ya gaya mana. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, samari sun nufi Kano, Legas, Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Almajirai sun taso. Bukukuwa sun kankama. Ga sanyi ya tara mutane a ɗaki ɗaya. A 'yan shekarun nan kuma azumi yana faɗowa cikin rani, ga masu zuwa Umara. Sa'annan ku dubi yadda muke zaune: daga Bichi zuwa Tsanyawa, daga Makoɗa zuwa Kunci, ba ka fita gonakin wani ƙauye sai ka shiga na wani, in ka tsaya a bakin wannan gari kana hango rimin wancan. Wannan albarka ce ta ƙasarmu, amma ga ƙyanda titi ne shimfiɗaɗɗe.

Yanzu bari in taɓo inda ke da ƙaiƙayi, don na san akwai masu cewa a ransu, ai mun san abin da ya sa mutane ke gudun allura. Gaskiya ne, tsoron yana da asali. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mana ɓarna har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga aikin Hajji, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wanda ya ce mutanenmu jahilci ne kawai ke damunsu bai yi musu adalci ba. Amma mu dubi abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai Yuli 2004. Cutar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Sunan Kano ya zaga duniya ta hanyar da ba ma so, alhazanmu tsofaffi da furfura aka riƙa ɗiga musu maganin yara kafin su shiga ƙasa mai tsarki. Tsoron kuma bai tsaya kan shan inna ba, ya shafi sauran allurai. A farkon 2005 ƙyanda ta kwantar da dubban yara a Arewa, ɗaruruwa suka rasu, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani, sai da aka yi gangamin allura na musamman a watan Disambar wannan shekara.

Ba mu kaɗai muka taɓa faɗawa wannan rami ba. A ƙasar Samowa, wadda jama'arta ba su wuce 200,000 ba sosai, jarirai biyu suka rasu a 2018 saboda ma'aikatan jinya sun yi kuskure sun haɗa allurar da wani magani maimakon ruwanta. Laifin na ma'aikata ne, an kuma hukunta su, amma gwamnati ta dakatar da allurar na watanni, iyaye suka tsorata. A 2019 ƙyanda ta shigo tare da matafiya, ta kama fiye da mutum 5,700, ta kashe 83, akasarinsu ƙananan yara. Fushin iyayen yana da hujja. Ƙyanda ba ta tambayi hujjar ba.

Allurar nan ba baƙuwa ba ce. Tun 1963 aka fito da ita, kuma dattawan da ke nan za su tuna ma'aikatan da suka zagaya ƙauyuka daga 1967 da bindigar allura, suna yin lambar agana haɗe da ta ƙyanda. Agana ta tafi ba ta dawo ba. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba, har da ni kafin 2022, shi ne allurar wata tara ba ta kama kowane yaro. Cikin yara 100, kimanin 15 ba sa samun kariya daga ta farko. Shi ya sa gwamnati ta ƙara ta biyu a wata 15, aka fara tsakanin 2019 da 2020. Matsalar ita ce iyaye mata sun saba da cewa daga ta wata tara an sauke, sai a jefa kati ƙarƙashin katifa. Mu maza kuwa, mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a ɗakin nan suka taɓa buɗe katin da hannunsu? An yi babban gangami a watan Oktoba 2025 na yara daga wata 9 zuwa shekara 14, amma gangami kamar gayya ne, yini ɗaya ake yi a watse. Yaran da aka haifa bayansa suna nan suna taruwa.

Jaririyar maƙwabcinmu ba ta kai wata tara ba, saboda haka babu laifin iyayenta. Abin da zai kare irinta shi ne yaran da ke kewaye da ita su zama ba sa ɗauka. A cikin waɗanda suka kasa tsare ta har da gidana.

To me ake nema a wajenmu? Mu ne 'yan bokon garuruwanmu, mu ake kawo wa takarda a ce karanta mini, mu ake tambaya kuɗin mota in za a tafi biki. Wanda ke ba da kuɗin mota yana da bakin magana. In iyalinka za su yi tafiya da yara, ko Damagaram ce ko Makka ko Legas, a duba kati tun da sauran mako biyu, domin allura na bukatar kwanaki kafin ta kama. In goyon ya kai wata shida bai kai tara ba, kuma ana jin labarin ƙyanda a inda za a, a tambayi malamin asibiti, don akwai halin da ake yi wa irinsu ta wucin gadi, a sake yi in lokaci ya yi. Yaro mai zazzaɓi da jan ido da tari kuwa a haƙura da tafiya da shi, ko bikin wa ake yi. Na san wannan ita ce mai wuyar, gwaggo za ta yi fushi. Fushinta ba ya wuce sallah.

In an dawo, a sa ido har mako uku. In zazzaɓi ya zo, a kai yaro asibiti, a gaya wa ma'aikaci tun daga ƙofa inda aka je da ranar da aka dawo, kada a zauna da shi a benci cikin masu jego. Akwai ƙwayar bitamin A da ake ba mai ƙyanda kwana biyu a jere, tana kare ido tana rage mutuwa. A ci gaba da ba shi nono da ruwa da abinci, kada a ɗiga masa komai a ido in ba likita ya ce ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma sanar da shi da wuri na da amfani, domin yaron da ya zauna da mai ƙyanda in aka yi masa allura cikin kwana uku tana iya tare ta. Dubiya kuma a yi ta daga zaure, a bar goyo a gida. Wannan sai mun roƙi iyayenmu hakimai da dagatai da limamai su faɗa, domin in ni na faɗa za a ce yaron nan boko ya ɓata shi.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ɗaya ga kwamitin zartarwa. Bara mun yi wa ɗakin gwaje-gwaje rufi, mun gode Allah. Bana ina ba da shawarar a ware wani abu daga asusu don man babur, a haɗa kai da asibitocin mazaɓun da ke kewaye da makaranta, a riƙa kai allurar wata 15 ƙauyuka da rugage tun daga kaka, kafin 'yan ci-rani su fara motsi. Na yi magana da biyu daga cikin 'yan ajinmu ma'aikatan lafiya, sun ce za su tsara ranakun in an amince. Ni na ɗauki nauyin watan farko. Ma'aji yana nan kusa da ƙofa da rasiɗinsa, kuma na lura ya zaɓi kujerar da sai an wuce ta gabansa kafin a kai ga abinci.